A Mayar Da Tsamiya Cikin Tukunyar Kaza

Kwanakin baya aiki ya kai ni ƙasar Goronyo, a gabashin Jihar Sakkwato, domin in ga yadda noman rani yake gudana a bakin Gulbin Rima. La'asar ta riske ni a garin Taloka, aka sauke ni a gidan wani dattijo manomin albasa. Tun ban gama shan ruwan baƙunta ba sai na ji kaza ta yi kuka a cikin gida, yara suna gudu suna tare ta, na san dai wata ta rasa ranta saboda ni. Bayan sallar lisha aka fito da tuwon shinkafa da wani kwano a rufe. Da maigida ya ɗaga murfin, ƙamshin albasa da tafarnuwa ya cika zauren. Naman ya yi jajawur, romon ya yi kauri, ga yaji da ke kama harshe, ga kuma wani ɗan tsami a bayansa wanda yake sa mutum ya manta ya ƙoshi. Na tambayi maigidan ko lemun tsami aka matsa, ya yi dariya ya nuna mini bishiyar tsamiya da ke ƙofar gidansa.

Ban yi mako biyu da komawa birni ba aka gayyace ni wata walima, inda aka kawo mana wata kaza mai yaji da tsami, aka ce girkin ƙasar waje ne wanda uwargidan ta koyo a wayar hannu. An yi shi da daskararriyar kaza, da ruwan tsamin kwalba da ake kira binega, da dunƙule har ban san adadi ba, da wani jan miya na kwalba. Mutane suka yi ta yabo. Ni ma na yaba, domin baƙo ba ya kushe tuwon masaukinsa, amma a zuciyata na san abin da na ci a zauren Taloka ya fi wannan nesa ba kusa ba, kuma kuɗin da aka kashe wajen yin sa bai kai rabin na wannan ba. Wannan ne ya sa na ga ya kamata in yi magana da matanmu da magidantanmu a kan wannan al'amari, wanda wani zai ɗauka ƙarami ne.

Da farko dai tsami ba baƙo ba ne a abincin Bahaushe. Da kunun tsamiya muke buɗe baki da azumi. Da ruwan tsamiya iyayenmu mata suke tuƙa tuwon dawa don ya kwana bai lalace ba. Miyar yakuwa, wadda Sakkwatawa suke kira sure, tsaminta ne daɗinta, haka nan nonon da ake dama fura da shi. Ita kanta bishiyar tsamiya masana tsirrai sun ce asalinta nahiyar Afirka ce, daga nan ta haura zuwa Indiya tun zamani mai nisa, har Larabawa suka sa mata suna dabinon Indiya, Turawa kuma suka ari wannan sunan daga wurinsu. Abin dariyar shi ne, shahararren ruwan miyar nan na Ingila, na kamfanin Lea & Perrins, wanda wasu matanmu suke saye da tsada a manyan kantuna don su zuba wa nama, in mai karatu ya duba jikin kwalbar zai tarar tsamiya tana cikin abubuwan da aka haɗa shi da su. Watau muna biyan kuɗin jirgi da na kwastan domin a dawo mana da abin da awaki suke ci a gindin bishiya.

Ba zan ce kowane gida a ƙasar Hausa yana dafa kaza da tsamiya ba. Abin da aka fi sani shi ne farfesu, da soyayyar kaza, da dambu, da gashin da masu tukuba suke yi. Amma wanda ya san kunun tsamiya, ya kuma san farfesu, tazarar da ke tsakaninsa da wannan girki taki ɗaya ce. Da gari ya waye, tsohuwar gidan, mahaifiyar mai masaukina, ta leƙo zaure muka gaisa, na ce Inna ta taimaka ta faɗa mini yadda aka yi. Ta yi mamakin namiji mai tambayar sirrin tukunya, amma ta zauna ta yi mini bayani, ni kuwa na rubuta. Ga shi nan yadda na fahimta, na kuma sa aka gwada a gidana har sau uku.

Ana samun kazar gida, sagara ko matashin zakara, a yanka, a fige, sa'an nan a babbaka ta a harshen wutar kara har ƙananan gashin su ƙone. Wannan babbakar ba don tsabta kaɗai ake yin ta ba, ita ce take ba fatar ƙamshin hayaƙi. A wanke, a yayyanka gaɓa gaɓa. Tun kafin nan an jiƙa tsamiya kamar cikin tafin hannu a ruwan ɗumi, in ta yi laushi a murje ta da hannu a tace, a zubar da ƙwallayen. A turmi kuwa a daka tafarnuwa dunƙule guda, da attaruhu 3 ko 4, da ɗan busasshen barkono, wanda mutanen wannan yanki suke kira tonka, da citta, da masoro, da kanumfari ƙwaya 5, da kimba ɗaya tak, domin kimba in ta yi yawa ɗaci take kawowa. A zuba wannan dakakken yaji da gishiri da rabin ruwan tsamiyar a kan naman, a cakuɗa, a rufe a ajiye a inuwa kamar sa'a ɗaya ko biyu. Kada a wuce haka. A ƙasar da zafi yake haura digiri 40 a watan Afrilu, ɗanyen nama ba abin wasa ba ne, kuma ba kowa ke da firji ba, wanda yake da shi ma sai in an kawo wuta. Har wa yau, a kwanon tangaran ko na roba ake wannan jiƙon, domin tsami yana cin tukunyar dalma, ya ɓata ɗanɗanon abinci.

Daga nan sai a tsame naman a ɗora a kan garwashi, ba don ya gasu ba, don dai ya yi ja ya kama ƙamshi. A ɗora tukunya da man gyaɗa ludayi guda, a yanka albasa manya 5 ko 6. Mai karatu kada ya ce sun yi yawa, albasar ita ce miyar. A soya ta a hankali, ana juyawa, har ta narke ta yi zaƙi ta koma launin zuma. A nan ne Inna ta fi ja mini kunne: ba a zuba ruwan tsamiya sai albasa ta gama laushi, domin in tsami ya riga ta shiga tukunya, za ta ƙi nuna ko an kwana ana hura wuta. Na bincika daga baya, na tarar masana kimiyyar abinci ma haka suke cewa, tsami yana hana kayan lambu saurin laushi. Tsohuwar ba ta taɓa shiga aji ba, amma ta san wannan tun tana budurwa. In albasa ta yi, sai a zuba naman, da sauran ruwan da aka jiƙa shi a ciki, da ragowar ruwan tsamiya, da 'yar daddawa, da ruwa daidai wanda zai sha kan naman. A bari ya tafasa sosai, sa'an nan a rage wuta a rufe, a bar shi yana ɓararraka a hankali fiye da sa'a guda, har romo ya kama jikinsa, mai ya taso sama. A ɗanɗana. In tsami ya fi ƙarfi a ƙara soyayyar albasa, in yaji ya danne kome a ƙara cokali ɗaya na ruwan tsamiya. Ana cinsa da tuwon shinkafa, ko dafaffiyar shinkafa, ko waina, ko gurasa.

Wanda ya taɓa zuwa Senegal, ko ya ci abincin Senegalawa a Yamai ko a Abuja, zai ce ai wannan ɗan'uwan yassa ne, girkin nan da ya fito daga yankin Kasamans a kudancin ƙasar, wanda yanzu ake sayarwa har a gidajen abinci na Faransa da Amurka. Gaskiya ne, sai dai su lemun tsami suke amfani da shi. Senegalawa sun riƙe nasu, sun yi alfahari da shi, har duniya ta sani. Mu kuwa da muke loda albasa a manyan motoci zuwa Legas da Anacha da Aba, har zuwa Ghana, sai mun ga abin a wayar hannu da sunan wata ƙasa sa'an nan yake burge mu.

Kada a fahimce ni da cewa ina ƙyamar aro. Tukunyar Bahaushe ta daɗe tana aro. Shi kansa barkono da tumatir daga nahiyar Amurka suka fito, ba su iso Afirka ba sai bayan da jiragen Turawa suka tsallaka can a shekarar 1492. Kafin nan kakanninmu da masoro da kimba da citta suke yaji, su ma fatake ne suke kawo su daga kurmi tare da goro. Kanumfari daga ƙetare yake zuwa har gobe, citta mai yatsu kuwa daga kudancin Kaduna, wajen Kachia da Kafanchan. Aron abin da ba ka da shi hikima ce. Abin da nake ƙorafi a kai shi ne mutum ya bar nasa mai kyau a ƙofar gida, ya je ya sayo wanda bai kai shi ba.

Kuma wane ne ya kai mutanen kwarin Rima arzikin kayan wannan girki? Madatsar ruwan Goronyo, wadda aka kammala gininta a 1984, aka kuma ƙaddamar da ita a 1992, an gina ta ne don ta riƙe ruwa kubik mita miliyan 942. Daga Goronyo zuwa Wurno, garin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi ribaɗi kuma aka binne shi a 1837, fadama ce shimfiɗe da albasa da tafarnuwa da shinkafa da tattasai. Tafarnuwar wannan yanki sananniya ce a kasuwannin Nijeriya. Lokacin kakar albasa farashi yakan faɗi ƙasa warwas, manomi ya zuba abin da ya rage a rudu yana jiran tsada, zafi da danshi su ruɓar masa da kaso mai yawa kafin damina ta yi nisa. Girkin da yake cinye manyan albasa 6 a tukunya guda, ai abokin manomi ne. Da gidajen birni za su riƙa yin sa ko sau ɗaya a mako, da masu gidajen abinci a Sakkwato da Kano da Kaduna za su sa shi a jerin abin da suke sayarwa da sunansa na Hausa, da wani abu ya ragu daga asarar da ake yi a rudu.

Na san abin da matan birni za su ce, domin uwargidana ta riga ta faɗa mini. Kazar gida tana da tauri, tana cin wuta, ga gawayi da iskar gas sun yi tsada, musamman tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kome ya tashi. Ga ta ƙarama, ba ta isar gida mai yara 7. Ita kuwa kazar gidan gona, wadda ake yankawa tana da mako 6 zuwa 8 a duniya, minti 30 ta ishe ta, ga tsoka. Wannan magana ce mai nauyi, ban raina ta ba. Mace da ta dawo daga aikin asibiti ko makaranta da yamma ba ta da sa'a uku da za ta ba tukunya. Amsata ita ce, wadda ba ta da hali ta yi da kazar gidan gona, ta rage lokacin dahuwa, ta ƙara lokacin gashi a garwashi don naman ya kama jikinsa. Tsamiyar da albasar dai ba su canja ba. Amma ranar Juma'a, ko ranar da aka yi baƙo, ko da Salla, a nemi ta gida. Kazar da ta yi wata 6 tana tono a bola da gindin rumbu, ƙashinta ma romo ne, kuma irin wannan doguwar dahuwa da ruwan tsami dama don irinta aka yi.

Wadda ba zan yi wa sassauci ba ita ce daskararriyar kazar da ake fasa-ƙwaurinta. Gwamnatin Tarayya ta haramta shigo da irin waɗannan kaji tun zamanin mulkin farar hula na Obasanjo, amma ba a daina satar hanya da su ta iyakar Jamhuriyar Benin ba, kuma hukumar NAFDAC ta sha gargaɗin jama'a a kan haɗarin cinsu. Naman da ya yi kwanaki a bayan mota yana narkewa yana sake daskarewa, babu yajin da zai gyara shi. Banda haka, magidanci Musulmi da yake tsayawa ya ga an yi bisimilla kafin a yanka masa rago, me ya sa ba ya tambayar wanda ya yanka kazar da ke cikin kwali?

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi damuna. Mai masaukina ya shaida mini cewa kazar da aka yanka mini tana cikin 'yan ƙalilan da suka tsira daga annobar hunturun da ya wuce. Wannan labari ne da duk wanda ya tashi a ƙauye ya sani. Da sanyi ya kama, sai a wayi gari kaji suna gyangyaɗi, suna zawo, wuya yana murɗewa, kafin mako guda akurki ya zama kango. Likitocin dabbobi suna kiran wannan cuta Newcastle, sunan wani gari a Ingila inda aka gano ta wajen shekarar 1926. Ba ta da magani in ta kama, ko da yake mata suna ta fama da jiƙa barkono da sassaƙen maɗaci a ruwan shan kaji. Amma tana da rigakafi, kuma a ƙasar nan ake yin sa. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa tun 1924, tana sarrafa wani nau'i da ake kira I-2, wanda aka yi musamman don kajin ƙauye saboda yana jure zafi fiye da sauran. Ɗigo ɗaya ne a idon kaza, a maimaita bayan wata 3 ko 4. Ba ya bukatar allura, mace ko yaro mai hankali zai iya koyon sa a wuni guda.

To, ina sassan aikin gona na Ƙananan Hukumomin Goronyo da Wurno da Rabah? Ina Ma'aikatar da ke kula da lafiyar dabbobi ta Jiha? Ga Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato da tsangayar koyon likitancin dabbobi, cike da ɗalibai masu neman inda za su gwada hannu. An saba fita rigakafin shanu da tumaki, domin su dukiyar maza ce, masu ita suna da bakin magana a gaban Hakimi. Kaza kuwa dukiyar mace ce. Ita ce asusunta, ita take sayarwa ta sayi sabulu, ko littafin yaro, ko maganin zazzaɓi, da ita take fara tarin kayan ɗakin 'yarta. Tun daga shirin ciyar da ƙasa na 1976 zuwa na juyin noma na Shugaba Shehu Shagari a 1980, har zuwa shirye-shiryen da suka biyo baya, hankalin hukuma ya fi karkata ga manyan gidajen gona masu dubban kaji. Su ma muna bukatarsu. Amma kazar da talaka yake iya ci ita ce wadda take yawo a tsakar gidansa, kuma matar da ta san rabin kajinta za su mutu kafin bazara ba za ta yanka wa 'ya'yanta ko ɗaya ba, sai dai ta yi sauri ta kai kasuwa. Shi ya sa a gidajen da suke noma duk kayan wannan girki, yaro yakan shekara bai ɗanɗana shi ba in ba baƙo aka yi ba. Ko an yi baƙon ma, mun san yadda rabon yake: cinya da ƙundu na zaure, yara kuwa kai da ƙafafu. Na ji kunyar wannan a daren nan, har na rage fiye da rabi na ce a mayar ciki.

Ba na manta da cewa mutanen wannan yanki suna da damuwar da ta fi ta tukunya. Ambaliyar watan Satumban 2010 ta cinye ƙauyuka da gonaki a ƙasar Goronyo da Wurno. A watan Oktoban 2021 'yan bindiga suka afka wa kasuwar Goronyo suka kashe mutane fiye da 40. Wanda ya gudu daga ƙauyensa da dare ba ya tsayawa kama kaji. Amma daidai wannan dalili ne ya sa kaza take da muhimmanci, domin iyalin da suka rasa shanu da awaki, da kaza biyu da zakara ɗaya suke sake kafa gida. Ita ce dabbar da ta fi kowace arha, ta fi kowace saurin haihuwa, kuma ita ce aka fi sakaci da lafiyarta.

Sai kuma ita bishiyar. Duk wanda yake bin hanyoyin gabashin Sakkwato ya ga buhunan gawayi da tarin itace a bakin titi, kuma masu gawayi suna son itacen tsamiya saboda nauyinsa da daɗewar wutarsa. Bishiyar da take shekara 7 ko fiye kafin ta fara 'ya'ya, ta kuma rayu fiye da shekara 100 tana ciyar da jikoki, ana kayar da ita a wuni guda. Dā tsoron iskoki yana kare tsamiya, ba mai kusantarta da gatari. Yanzu ilmi ya kori wancan tsoron, ba a kuwa maye gurbinsa da doka mai aiki ba. Ya kamata Hakimai da Dagatai su sa tsamiya cikin itatuwan da ba a sara sai da izini, masu rabon dashe na gandun daji kuma su riƙa haɗawa da ita, kada kullum ya zama dogon yaro kaɗai ake ba mutane.

Kafin in bar Taloka na roƙi a sayar mini da tsamiya da tafarnuwa in kai gida. Mai masaukina ya ƙi karɓar ko kwabo, ya sa yaro ya hau bishiyar ƙofar gida ya kaɗo mini, aka cika mini 'yar jaka, Inna kuma ta aiko da kitson tafarnuwa guda daga ɗakinta. Na yi masa alkawarin in na sake zuwa kafin sanyi ya kama, zan biya ta ofishin likitan dabbobi a Sakkwato in tambayo masa inda ake samun maganin ɗigon nan da kuma kuɗinsa, domin kaji 4 suka rage a gidan, ɗaya kuma tana kwanci a kan ƙwai 11.